Wa Zai Biya Akanta a Bakin Ruwan Tema

A bakin ruwan Tema, a ƙasar Ghana, babu mai karanta rahoto. In an sayar da kamfani, rigima ta tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa, har aka ɗauko akanta daga waje ya raba gardama, ba wanda ke tambayar me ya rubuta a shafi talatin ɗinsa. Abin da ake tambaya ɗaya ne: wa ya biya shi? Wanda kaso mai tsoka na ladan akanta ya faɗa a kansa, shi ne maƙaryacin, an gama magana. Daga masu turin baro har matan banda na unguwar Manhean, haka suke yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Shi ya sa ranar da wasiƙar masu saye ta iso, Okailey ta karanta ta sau uku a tsaye a ƙofar gida, 'yarta na barci a bayanta, kafin ta yarda ta shiga ta gaya wa mahaifiyarta, Maa Dedei.

Maa Dedei ta shekara talatin da ɗaya tana riƙe da ɗakin sanyi a bayan kasuwar kifi. Da firiji biyu na aro ta fara, har ta kai ga ɗaki mai cin katan dubu uku na daskararren kifi. Da tari ya ƙi barinta, likita ya ce in ta ƙara shekara guda tana shiga sanyin nan, to ta yi kuka da kanta. Sai ta sayar wa wani kamfanin Accra wurin gaba ɗaya, gini da injuna da kifin da ke ciki. Sun biya, amma an riƙe sidi dubu ɗari biyar daga kuɗin a banki, sai an tabbatar kayan da aka ƙirga ranar miƙa makulli sun cika.

Yanzu ga wasiƙa ta ce ba su cika ba. Wai katan ɗari takwas tun a hannun Maa Dedei suka lalace, kuɗinsu dubu ɗari huɗu. Wai kuma katan ɗari biyu, na dubu ɗari, matan kasuwa sun zo sun kwashe ba su biya ko sisi ba, suna cewa nasu ne. In aka haɗa, kuɗin da ke banki ya tafi ke nan, kwabo bai rage ba.

Ba kuɗin ne ya fi ƙona wa Okailey rai ba. Sunan uwarta ne. Matar da in ta ce katan kilo ashirin ne ba mai ɗora shi a sikeli, yau ita ake nema a ce ta sayar da ruɓaɓɓen kifi ta gudu gida.

Ranar Talata suka je wurin Lauya Bentsil, ita da yayanta Ashitey, mai sayar da kayan gyaran injin kwale-kwale. Lauyar ta buɗe yarjejeniyar cinikin, ta ɗora farcenta a wani sashe.

"Ga abin da kuka sa wa hannu," in ji ta. "In aka yi kwana talatin kun kasa sasantawa, sai a kira akanta wanda ba na kowa ba. An riga an yarda da Mista Agbenu. Ladansa dubu ɗari da ashirin."

"Nawa?" Ashitey ya kusa faɗowa daga kujera. "Kifin zai tayar daga matattu?"

"Yaya, bari ta gama."

"Ba rabi da rabi za a raba ladan ba," lauyar ta ci gaba. "Kowa zai biya gwargwadon abin da ya faɗi a cikin kuɗin da ake gardama a kai. In kun faɗi rabin gardamar, rabin ladan naku ne. In ba ku faɗi komai ba, ba ku biyan komai. Amma abin da wani ɓangare ya amsa da kansa kafin a miƙa wa akanta takardu, wannan ya fita daga gardama, ba a ƙirga shi. Ranar Juma'a ake miƙawa."

Okailey ta jawo biro daga gashinta, ta juya bayan ambulan ta shiga lissafi. Ita ce ta riƙe wa uwarta littattafai shekara shida kafin ta yi aure, hannunta bai manta ba.

"Maganar ruɓewa ƙarya ce, za mu ci ta," ta ce. "Amma katan ɗari biyun nan, Lauya, na matan ne."

"Ke, rufe mana baki!" Ashitey ya waiga ƙofa kamar wani na laɓe. "Ina takardar da ta ce nasu ne? Akwai rasit? Akwai sa hannu?"

"Akwai gwangwanin madara."

Lauyar ta cire tabarau ta dube su. Dole Okailey ta yi mata bayani. In kifi ya yi araha, matan banda sukan biya kuɗin katan goma ko ashirin, su bar kayan a ɗakin Maa Dedei, su riƙa ɗiba kaɗan kaɗan har farashi ya tashi. Ba a rubuta komai. Kowace mace takan yago ƙyalle daga tsohon zanenta, a raba shi biyu, a ɗaura rabi a jikin jerin kayanta, ɗaya rabin Maa ta ƙulla masa ƙulli gwargwadon yawan katan ta jefa a gwangwani. Ranar ƙirga aka tambayi Maa katan nawa ke ɗaki, ta faɗi duka, har da na matan, ta sa hannu. Kullum haka take ƙirgawa, don a wurinta duk abin da ke cikin ɗakinta a wuyanta yake.

"To ai shi ke nan," in ji Ashitey. "Gwangwanin yana ƙarƙashin gadon Maa, ya ci gaba da barcinsa. Dubu ɗari fa ake magana! Ke don mijinki na ɗaukar albashi a ƙarshen wata shi ya sa kike kyauta da kuɗin mutane."

"Kai kuma don ka ci bashin kaya a kan rabon da ba a ba ka ba shi ya sa idonka ya rufe."

"Wa ya gaya miki?"

"Duk bakin ruwa ya sani, Yaya, har kifin."

Lauya Bentsil ta ƙwanƙwasa tebur. Ta ce ita dai ba za ta rubuta abin da ta san ba gaskiya ba ne, amma kuma ba za ta amsa laifi da sunan Maa Dedei ba sai Maa Dedei ta ce a amsa. Su je su dawo kafin Juma'a.

Nan ne wuyar take. Okailey ta san uwarta. Asarar dubu ɗari ba za ta hana ta cin abinci ba. Amma a rubuta a takarda, da sunanta, cewa ƙirgarta ba daidai ba ce, wannan wani abu ne daban.

Washegari da hantsi ta same ta a tsakar gida tana tuƙa tuwon banku, ta taka ƙarafunan da ke riƙe tukunyar da ƙafafu biyu, zufa na zuba. Okailey ta kwance goyo ta shimfiɗe 'yar a inuwa, nesa da wuta, ta jawo kujera.

"Maa, kawo in tuƙa."

"In ba ki ki ɓata mini da gudaji? Faɗi abin da ya kawo ki, tun daga ƙofa na ga maganar a goshinki."

Ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Muciyar ta tsaya cak.

"Wato in rubuta musu na yi ƙarya."

"Ba ƙarya ba, Maa. Kuskure."

"Wane kuskure? Sun ce nawa ne a ɗaki, na ce dubu biyu da ɗari uku da arba'in. Su je su sake ƙirgawa, in sun sami da ɗaya ko babu ɗaya, su yanke mini wannan hannun. Tun ba a haifi manajan nasu ba nake ƙirga katan. Yanzu 'yar da na goya ce za ta zo ta koya mini?"

"Ƙirgarki daidai ce. Amma sun biya ki kuɗin ɗari biyun, su ma matan sun biya ki. Kaya ɗaya, kuɗi biyu."

Maa Dedei ta sake kama muciyar. Ta ci gaba da tuƙi da ƙarfi har tukunyar na ƙara. Okailey ta gane ba ta taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba, kuma kallon ya yi mata ciwo. Amma ba ta sauko ba.

"To akantan ya gano da kansa. Ai aikinsa ke nan, dubu ɗari da ashirin ba wasa ba ce."

"In ya gano da kansa, an rubuta kin faɗi. Kashi ɗaya cikin biyar na ladansa ya hau kanki tun ba a taɓa maganar ruɓewa ba. Kin san abin da za a ce a bakin ruwa."

"Su ce."

Okailey ta dubi uwarta, ta ga furfurar da ta fito ta ƙarƙashin ɗankwali. Ta sassauta murya.

"Maa, kin san yadda zai gano? Matan zai kira. Zai zaunar da Anti Esi Kakraba a ofis mai sanyi, ya kunna rikoda, ya ce ta faɗa masa ko ta biya ki. In ta ce ta biya, ta ba da shaida a kanki. In ta ce ba ta biya ba, ta mai da kanta ɓarauniyar katan sha takwas don ta rufa miki asiri. Kuma kin san wanda za ta zaɓa. Matar da ta kwana uku a asibiti tare da ke lokacin da Baba ya rasu."

Bankun ya fara kamawa a gindin tukunya. Maa Dedei ta sauke shi. Ta wanke hannu, ta shiga ɗaki. Okailey ta ji ana jan kaya daga ƙarƙashin gado. Da ta fito, sai ta dire gwangwanin a cinyar 'yarta.

"Ƙyallen mata goma sha huɗu ne," ta ce. "Ki ƙirga ƙullin da kyau. Na Adoley ja ne mai tsuntsu, biyu daga ƙullinta sun kwance, sha biyu ne ba goma ba. Ki gaya wa lauyar ta rubuta ni na faɗa da bakina. Kada ta rubuta an kama ni."

Haka aka rubuta. Ranar Alhamis wasiƙa ta tafi: Maa Dedei ta amsa katan ɗari biyu, a cire dubu ɗari a ba kamfanin. Ashitey ya yi sati bai ɗauki wayar ƙanwarsa ba.

Sauran gardama dubu ɗari huɗu.

Mista Agbenu siririn mutum ne mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su zube. Ya zo ya duba ɗakin sanyin sanye da rigar sanyi biyu da hular ulu, abin da ya sa masu dako suka yi ta dariya har kwana uku. Bayan mako biyu ya kira kowane ɓangare ofishinsa. Na kamfanin suka zo su huɗu da kwamfutoci. Maa Dedei ta zo da buhun leda cike da littattafan rubutu na 'yan makaranta.

Tun farkon buɗe ɗakin, kullum ƙarfe shida na safe da shida na yamma takan duba ma'aunin sanyi da idonta ta rubuta lamba. Ba ta taɓa bar wa kowa wannan aikin ba, ko ranar Lahadi sai ta biya ta nan kafin ta wuce coci. Rasit ɗin man janareta kuwa, kowanne an maƙala shi da allura a shafin ranarsa.

Akantan ya yi kusan awa yana juya shafi. Sannan ya juya wajen manajan kamfanin, wani matashi mai suna Sarpong, ya tambaye shi ina nasu littafin na bayan karɓar makulli. Sarpong ya ce suna da na'ura mai rubutawa da kanta. Akanta ya ce ya gani, amma na'urar ta yi shiru kwana biyu, daga rana ta tara zuwa ta goma sha ɗaya, lokacin da aka ɗauke wuta a unguwar. Ina rasit ɗin man janareta na waɗannan kwanaki?

Sarpong ya dubi lauyansu. Lauyan ya dubi silin.

"Sai an sa hannu daga Accra ake sayen mai," in ji Sarpong a ƙarshe. "Kuma ƙarshen mako ne."

"Ɗana," Maa Dedei ta ce, "kifi ya san ƙarshen mako?"

Lauya Bentsil ta taɓa mata gwiwa. Okailey ta sunkuyar da kai don kada a ga murmushinta. A ranta ta ce an gama, ladan akanta duka ya hau kansu.

Sai Mista Agbenu ya jawo littafi na ƙarshe, ya buɗe inda ya sa alama, ya dubi Maa Dedei.

"Anti, wata guda kafin ku miƙa makulli kin rubuta nan, robar ƙofa ta yage. Bayan kwana biyar kin sake rubutawa. Sai rana ta goma sha biyu na ga rasit ɗin sabuwa. A kwanakin nan, me ke jere a bakin ƙofar?"

Okailey ta leƙa littafin. Ba ta taɓa ganin wannan shafin ba. Babu hoton ɗakin na lokacin, babu takarda, babu wanda ya san abin da ke bakin ƙofar sai mutum ɗaya. Da Maa ta ce babu komai a wurin, ko ta ce ta manta, ba mai ƙaryata ta. Ashitey, wanda ya sauko daga fushinsa ya zo rakiya, ya shiga tari na ƙarya.

"Ka sha ruwa," uwarsa ta ce masa ba ta ko kalle shi ba. Ta juya ga akanta. "Jeri biyu. Katan tamanin. Na so in matsar da su ciki, a makon ne tarin ya kwantar da ni. Sun saki, suka sake daskarewa. Ban buɗe na gani ba, amma in ka ce in ci daga ciki, ba zan ci ba."

"Kin tabbata tamanin ne?"

"Mista, kai ne akanta, amma ni ce Dedei."

Ya rubuta. Okailey ta ga gefen bakinsa ya motsa kaɗan.

A mota Ashitey na tuƙi, ya riƙe kai da hannu ɗaya. "Maa, me ya sa? Dubu arba'in! Da kin yi shiru kawai!"

"Tambayata ya yi."

"Ai ba dole ki tuna ba!"

"To na tuna. Ka kula da hanya, ka kusa taka akuya."

Okailey na baya da 'yarta a ƙirji. Ita ta kwana tana shirya kalmomin da za ta lallashi uwarta da su a kan katan ɗari biyu. Ga tamanin nan kuwa, ba wanda ya lallashe ta, ba wanda ma ya sani. Ta ɗora haɓarta a kan 'yar, tana kallon ƙeyar uwarta a kujerar gaba, ta ji kamar ta buɗe gilashi ta gaya wa duk mai wucewa ko 'yar wace ce ita.

Hukunci ya fito bayan kwana goma sha tara. Daga dubu ɗari huɗu, kamfanin ya faɗi dubu ɗari uku da sittin, Maa Dedei ta faɗi arba'in. Ladan akanta kuwa, kashi tara cikin goma a kan kamfanin, kashi ɗaya a kanta, sidi dubu goma sha biyu. Okailey ta sake juya bayan ambulan: da sun bar katan ɗari biyun a cikin gardama, da kasonsu ya kusa uku cikin goma, kuma da sunan mata goma sha huɗu a cikin rahoton. Ta nuna wa Ashitey. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce lissafin mata ne, amma ya tambaya ko jaririyar na bukatar wani abu daga kasuwa.

Lauya Bentsil ta ce za a cire dubu goma sha biyun daga kuɗin da ke banki kafin a sako saura, ba sai kowa ya motsa ba.

"A'a," in ji Maa Dedei. "Abin da aka cire a ɓoye, gobe wani zai ce rabi aka cire. Da hannuna zan biya, a ba ni rasit, a rubuta nawa a rubuta nasu a takarda ɗaya."

"Anti, ba haka ake yi ba."

"To yau a fara."

Sai da aka yi waya uku kafin ofishin Mista Agbenu ya yarda. Ranar Litinin Maa Dedei ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi, ta sa murjani, ta ƙirga kuɗin sau biyu a gaban magatakardan, ta sa ya sake ƙirgawa. Da ya miƙo rasit, ta ba Okailey ta karanta mata da ƙarfi, lamba bayan lamba, sannan ta ninke shi ta sa a jaka.

Ba su kai tashar mota ba wayarta ta yi ƙara. Esi Kakraba ce, muryarta har Okailey na ji.

"Dedei! An ce tara da ɗaya! Mu nan mun ajiye aiki, Adoley har ta fara rawa. Amma wannan ɗayan fa, zalunci ne, wallahi. Mun yi magana, za mu haɗa mu biya miki."

"Ku riƙe kuɗinku ku sayi itace," in ji Maa Dedei. "Ɗayan nawa ne, na san inda na samo shi, kuma na riga na biya. Ki gaya wa Adoley ta zauna, gwiwarta ba ta rawa ba ce."

Ta kashe wayar. Ta tsaya ta yi tari, Okailey ta riƙe mata jaka har ya lafa. Da ta miƙe, sai ta gyara ɗankwali ta ce yunwa take ji, su tsaya su ci dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, amma ita za ta zaɓi kifin.